Wa Ya Amsa Wa Tela?

Shafi na 9

Masu aiko min da saƙo cewa na gudu na bar labari kamar yadda na bar makaranta, na gani, na gode. Ban gudu ba. Ga shi nan, ku karanta ku bar min waya ta huta.

Wanda ya shigo yanzu, ga inda ake. Mu huɗu muka fito yawo, abokai tun muna 'yan aji ɗaya. Ni ne Katanga. Na samu sunan ne don ita nake haurawa in bar makaranta, har ranar da na haura ban koma ba. Akwai Lauya, shi ya ga tallar kogon ya ce sai mun shiga. Akwai Mai-hoto, wanda bai yarda abu ya faru ba in ba shi ya ɗauka ba. Sai Tela, mijin ƙanwata, mutumin da ko tsani ba ya hawa.

A bakin kogon, dattijon da ke mana jagora ya ba kowa hular kwano da fitila da lamba. Ni ɗaya, Mai-hoto biyu, Lauya uku, Tela huɗu. Ya ce duk inda ya kira lamba, mai ita ya amsa. Mun ratsa wani matsatsi da jan ciki, shi a gaba, ni a dugadugansa. Mun fito wani babban ɗaki a cikin dutsen.

*

"Kowa ya kashe fitila," in ji Jagora, tun ban gama miƙewa ba. "Kar ku kalli komai tukuna. Sai kun ɗanɗani duhun za ku san darajar abin da zan nuna muku."

Haka yake magana tun safe, kamar mai karanta hadda. Na tabbata jiya ma abin da ya faɗa wa wasu ke nan, har da tarin da yake yi a tsakiya.

Muka kashe.

Na ɗaga hannuna har ya taɓa hancina, ban gan shi ba. Ruwa na ɗiga a wani wuri. Sanyin laka ya ratsa min wando.

"Kai," in ji Mai-hoto, "wannan ai ba zai fito a bidiyo ba."

"Ɗauki duhun," na ce. "Ka ce wa mabiyanka kai ne a ciki. Sai ya fi sauran hotunanka kyau."

"Shiru, samari," in ji Jagora. "Ɗaya?"

"Ina nan."

"Biyu?"

"Ina nan, Baba."

"Uku?"

"Na halarta," in ji Lauya. Shi ko a rami sai ya nuna ya yi karatu.

"Huɗu?"

Aka yi gyaran murya. 'Yar ƙarama, ta cikin hanci.

"Ina nan."

Muryar Tela ce. A shaƙe, ta tsakanin haƙora, irin ta mutumin da ya saba magana da allura a baki.

Amma gyaran muryar ba tasa ba ce.

Na san ta. Na sha zama kusa da Lauya a aji yana amsa wa waɗanda ba su zo ba. Yana iya muryar kowa, har ta malamin. Kafin ya ari muryar mutum sai ya yi wannan 'yar gyaran ta hanci. Ni kaina ya daɗe yana amsa min, har babana ya zo nemana aka ce masa kullum ina aji.

Na kunna fitilata.

"Yaro, ban ce..."

Ban saurare shi ba. Na haska Jagora. Na haska Mai-hoto. Na haska Lauya, ya sa hannu ya kare ido. Na haska bayansa.

Dutse ne, da bakin ramin da muka fito.

"Ina Tela?"

Lauya ya kau da kai.

"Lauya, da kai nake. Ina mijin ƙanwata?"

"Katanga, sauke fitilar daga fuskata mu yi magana kamar manya."

"Ba zan sauke ba. Sake yi."

"In sake me?"

"Muryar. Sake yi in gani da idona. Ce 'ina nan'."

Jagora ya kunna tasa. Ya juya sau ɗaya, ya sake juyawa, kamar Tela kuɗin cizo ne da zai maƙale a tsagin bango.

"Ina na huɗu?" ya ce. "Yanzu ya amsa min!"

"Ga wanda ya amsa maka nan," na ce. "Mutum biyu ne a riga ɗaya. Baiwa ce, Baba, tun muna yara yake da ita."

Lauya ya gyara hular kwanonsa. Ya share laka daga gwiwa. Ya ɗaga yatsa ɗaya, yadda yake yi in zai cinye mutum da surutu.

"Da farko dai, ba abin da ya same shi. Yana can bayan matsatsin, a zaune, lafiyarsa lau. Na biyu..."

"Ka ƙara cewa na biyu, sai na cusa maka lakar nan a baki."

"Shi ya ce ba zai iya ba! Ya sa kai, ya fito. Ya sake sawa, ya sake fitowa. Ya ce numfashinsa ba zai kai ba. Ɗaukarsa zan yi a baya?"

"Sai ka faɗa min," in ji Jagora. Muryarsa ta canza, haddar ta ƙare. "Abin da ya sa na ba ku lamba ke nan."

"Baba, kai da bakinka ka ce in mutum ɗaya ya fasa, kowa ya fasa. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa."

"To. Mun taso daga nesa. Mun sha zaman mota har ƙafa ta kumbura. Ga ɗakin a gabanmu, sai mu juya saboda mutum ɗaya? Na ce ya zauna, mu leƙa mu dawo mu tarar da shi. Ina laifi a nan?"

"A cikin rarrafen ma na kira lamba," in ji Jagora.

"Can ma ni na amsa."

Ko kunya babu. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin yadda ya ci jarrabawa.

Na kalli Jagora.

"Kai kuma, Baba, wannan ne aikin naka? Ka shigo da mutane ƙarƙashin ƙasa ka dinga ƙirga murya? Makaho ma ai laluba kai yake yi."

"Ka iya bakinka, yaro. Mu biyu muke shiga, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Yau abokin aikina bai zo ba."

"Sai ka ce mu koma gida."

Bai musa ba. Ya goge fuska da bayan hannu.

"Amma na waiga," ya ce. "A cikin rarrafen na waiga ta ƙarƙashin hammata. Fitila huɗu na gani a bayana. Huɗu! Shi ya sa hankalina ya kwanta."

Na ƙirga a raina: ni, Mai-hoto, Lauya, mu uku ne a bayansa.

Na juya a hankali na haska Mai-hoto. Tun da aka fara magana bai ce uffan ba, shi da ko atishawa ka yi sai ya yi sharhi. Hannunsa na dama na riƙe da kyamara. Na hagu yana bayansa.

"Fito da hannunka."

"Wane hannu?"

"Nawa gare ka?"

"Katanga, ka tsaya ka ji..."

Na cafko hannun na murɗo shi gaba. Fitila ce, irin ta goshi, da maɗaurinta. An rubuta lamba a gefenta da farin fenti.

Huɗu.

"Innalillahi," in ji Jagora.

"Aro na yi!" in ji Mai-hoto. "Wallahi aro! Hasken tawa bai isa ba, bidiyon duk hatsi-hatsi yake fitowa. Na ga shi zama kawai zai yi, me zai kalla? Dutse?"

"Shi ya ba ka?"

"Bai hana ba."

"Na ce shi ya ba ka?"

"Na cire, bai ce komai ba."

"Yaushe Tela ya taɓa cewa komai? Mutumin da ake kawo masa ɗinki ranar da ake so, ya ce to? Kun bar shi a cikin wannan abin," na kashe fitilata na sake kunnawa, "wannan da muka tsaya a ciki na ɗan lokaci har kana kukan ba zai fito a bidiyo ba?"

"Yana da waya," in ji Lauya.

"Wayoyi na cikin akwati a bakin kogo," in ji Jagora. "Ni na karɓa da hannuna."



Na yi dariya, ba don akwai abin dariya ba.

"Ku kalle su, Baba. Wannan ya karanta shari'a. Wancan yana koya wa mutane yadda ake rayuwa a waya. Ni ne jahilin tafiyar, ni ake bai wa jaka in riƙe in za a yi hoto. Ga manyan gobe nan. Ɗaya ya sace wa mutum murya, ɗaya ya sace masa ido."

Maganar ta shige shi. Na ga wuyan Lauya ya kumbura.

"To, malam mai gaskiya," ya ce. "Tun da abin tonon asiri ne, ka san abin da ya sa ban ɗaga murya na faɗa ba?"

"Faɗi. Ka yi da muryar da kake so."

"Nuna masa," Lauya ya ce wa Mai-hoto.

"Lauya, bar shi mana," in ji Mai-hoto.

"Na ce nuna masa!"

Ashe har ɗauka ya yi. Mutum na rawar jiki, shi yana neman kusurwa mai kyau. Ya danna ya miƙo min.

Ga Tela a zaune kan wani dutse, gwiwoyi a haɗe, zufa na zuba daga ƙarƙashin hular duk da sanyin wurin. Yana murmushin nan nasa na ba da haƙuri.

"Ka faɗa wa Jagora," yake cewa Lauya. "Amma a hankali. Don Allah kar Katanga ya ji. In ya ji, har jikokina sai sun ji. Tun da muka taso yake min."

Hoton ya tsaya a nan.

"Ka ji ko?" in ji Lauya. "Kana manne da ƙafar Jagora, ta ina zan faɗa ba ka ji ba? Wa ya kira shi matar gida a mota? Wa ya ce in ya ga jemage zai nemi zani? Ba kogon yake tsoro ba, Katanga. Bakinka yake tsoro."

Maganar ta soke ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji. Amma ban ba shi wannan daɗin ba.

"Ya ce ka faɗa a hankali," na ce. "Bai ce ka zama shi ba."

"Ya isa," in ji Jagora. Har ya ɗaure jakarsa. "Shari'ar ta jira waje. Kowa ya biyo ni, yanzu."

Lauya ya kalli bakin matsatsin. Baƙi ƙirin, bai fi bakin tanda ba.

"Baba, ina ganin ba sai mun tafi duka ba. Ku je ku duba shi. Ni zan ɗan huta a nan, ƙafata ta riƙe."

"Madalla," na ce. Na miƙa hannu. "Kawo fitilar."

"Wace fitila?"

"Taka. Ai zama kawai za ka yi. Me za ka kalla? Dutse?"

Ya dafe goshinsa da hannu biyu. Wallahi hannu biyu, kamar yaron da za a ƙwace wa alewa.

"Kar ka taɓa ni, Katanga."

"Leƙawa kawai za mu yi mu dawo. Ina laifi a nan?"

"Na ce kar ka taɓa ni!"

"Mai-hoto, ɗauki wannan. Haske ya isa yanzu?"

Mai-hoto ya sunkuyar da kai.

"Ba wanda zai zauna," in ji Jagora. "Kai mai baki biyu, bayana za ka bi, in dinga jin numfashinka. Kai mai kyamara, sa ta a jaka, in na sake ganinta zan jefa ta ruwa. Kai kuma," ya nuna ni, "ka zo ƙarshe. In ka ga ƙafar wani ta tsaya, ka tura."

"Da yardar Allah zan tura."

Muka koma ramin.

Shigowa ban ji tsawonsa ba, don ina ta gasa da dugadugan Jagora. Komawa kuwa kamar an ja shi. Dutse a bayana, dutse a ƙirjina, laka a haɓata. Takalmin Mai-hoto na ta shurin hulata. Can gaba ina jin Lauya yana nishi yana kiran sunayen Allah, har da waɗanda ban san ya sani ba.

Ni ƙanwata nake gani a raina. Da za mu taso ta riƙe ƙofar motar, ba mijinta ta kalla ba, ni ta kalla. "Yaya," ta ce, "ka san halinsa, ba ya iya cewa a'a. Kai za ka dinga ce masa." Na ce ta saki ƙofa, ba yaye shi za mu yi ba.

Na tura ƙafar Mai-hoto da ƙarfin da ya fi wanda ake buƙata.

"Tela!" Jagora ya fara kira tun kafin ya fita. "Na huɗu! Ga mu nan!"

Ba amsa.

Na fito na ƙarshe, na miƙe. Su uku suna tsaye sun haska wuri ɗaya.

Dutsen da na gani a bidiyon ne. Har shaidar zamansa na nan a kan lakar. Shi ne babu.

"Ka gani?" in ji Lauya. "Ya gaji da jira ya fita. Yana can waje yana shan iska, mu muna nan muna..."

"Da wane ido ya fita?" na ce.

"Tela!" na ƙwala. "Ni ne! Ba zan ce komai ba, wallahi ba zan ce ba! Amsa!"

Muryata ta tafi ta dawo min. Ita kaɗai.

Jagora ya durƙusa yana duba ƙasa. Sawunmu ne ko'ina, na shiga, sun tattake komai. Ni na zagaya bayan dutsen, sai wani abu ya taɓa min ƙauri. Na ɗauka yanar gizo ce. Na haska.

Zare ne. Farin zaren ɗinki.

An naɗa shi a wani ƙahon dutse, an ƙulle da ƙullin nan da yake yi in ya gama sa maɓalli. Daga nan zaren ya miƙe, ya shige duhu.

"Baba, zo ka gani."

Ya zo. Ya taɓa zaren da yatsa.

"Kullum da ƙwaryar zare a aljihunsa," na ce. "Ko wanka zai shiga. Ya ɗaure ne don in ya ɓata ya dawo."

"Mai hankali," in ji Jagora. Sai ya bi zaren da fitila, ya ga inda ya nufa.

Hanya biyu ce a wurin. Da muna shigowa ban lura ba, don ɗayar tana bayan wani kafaɗar dutse. Ta dama ita muka biyo. Zaren ta hagu ya bi. A jikin bangon ga shaidar tafin hannu da laka, ɗaya bayan ɗaya, inda ya dinga lalube.

"Wannan ina take fita?" na ce.

"Ba ta fita."

"To ina take zuwa?"

"Ku biyun nan ku zauna a kan dutsen," ya ce wa su Lauya. "Ko ƙafa kar ku motsa. Kai, biyo ni. Taka inda na taka."

Muka bi zaren. Ƙasa ta fara gangara. Lakar ta koma santsi, sai da na dafa bango. Ƙarar ruwa, wadda ɗazu ɗiga ce, ta zama gudu. Shaidar hannun ta ci gaba, ta ci gaba, sai ta koma dogon jan yatsu zuwa ƙasa.

Jagora ya tare ni da hannu a ƙirji.

A gaban takalminsa ƙasa ta ƙare. Rami ne, baki buɗe. Ya haska ciki, hasken bai kai ƙasa ba. Zaren ya bi ta leɓen ramin ya sauka.

Na kwanta a ciki na kama shi. A miƙe yake, da nauyi.

"Tela!"

Ruwa kawai.

Na ja zaren a hankali, na saki. Na sake ja.

Aka ja daga ƙasa.

"Yana nan!" na ce. "Baba, yana nan, ya ja!"

Jagora har ya zazzage jakarsa, yana warware igiya.

"Ni zan riƙe daga sama," ya ce. "Waɗancan biyun ko akuya ba zan ba su riƙo ba. Kai za ka sauka. Ka taɓa sauka da igiya?"

"A'a."

"Ɗaga hannu."

Yana zagaya min igiyar a ƙugu, ni ban saki zaren ba. Aka sake ja. Aka kuma ja, da sauri da sauri, har ya shige min fatar yatsa.

Sai zaren ya saki.

Na jawo. Ya taho ba nauyi. Na yi ta jawowa har ƙarshensa ya zo hannuna, a jiƙe sharkaf.

Na ɗaga kai na kalli Jagora. Ba ni yake kallo ba, kunne ya kasa wa ramin.

"Ruwan tasowa yake yi," ya ce. "Sauka."